Kalmar da Ta Ci Shanun Mahaifina

An haife ni a shekarar 1992 a wani ƙauye da ke bakin fadama a ƙasar Argungu, shekara guda bayan an yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba; idan yana nemana sai ya ce “ina yaron nan”, idan kuma ransa ya yi fari sai ya ce “ɗan boko”. Manomin shinkafa ne, ya kuma yi karatun zaure gwargwadon hali, yana rubuta wasiƙa da ajami mai kyan gani, yana buɗe littafin fiƙihu ya fassara wa maƙwabta babin gado ko na ciniki ba tare da gargada ba. Boko ne kaɗai bai yi ba, kuma dalilin da ya sa ya kai ni makaranta bai wuce ɗaya ba, wato a samu wanda zai riƙa karanta takardun hukuma a gidan, kada a riƙa kai sirrin gida waje.

A farkon daminar 2010, ina aji biyu na babbar sakandare, manoma goma na ƙauyenmu suka haɗa ƙungiya domin karɓar rancen taki da iri da maganin ciyawa daga wata cibiyar ba da rance, suka naɗa mahaifina shugaba. Aka ba su takarda mai shafi uku da Turanci, aka ce su je su duba, su dawo da ita da sa hannunsu. Bayan sallar la'asar suka shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro da ke ƙofar gidanmu, mahaifina ya aika aka kira ni, ya miƙo mini takardar da hannun dama ya ce, “To ɗan boko, gaya muna abin da takardar ga ta ce.” Na durƙusa a gefen tabarma na fara karantawa, ina fassarawa layi bayan layi. Shafin farko bai ba ni wahala ba, domin sunaye ne da adadin buhuna da ranar biya. A tsakiyar shafi na biyu ne na ci karo da kalmomi huɗu da har yau nake iya ganin inda suke zaune a kan takardar, kusa da wani ɗigon manja da ya ɓata gefenta: “jointly and severally liable”.

Ta farko na san tana da dangantaka da haɗuwa. Ta ukun kuwa na sha jin malamanmu suna faɗarta idan suna faɗa, suna nufin sun gargaɗe mu sau da yawa, don haka na ɗauka ma'anarta ke nan. Ta ƙarshe ban taɓa ganinta ba, amma na ga ta ƙare da harufan da na sani a kalmar iyawa, sai na yi mata ma'ana daga kaina. Na ɗaga kai na ce wa dattawan nan takarda ta ce za su biya tare, kashi-kashi, sau da dama, gwargwadon iyawarsu. Wani tsoho daga cikinsu, wanda ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa, ya tambaye ni, “Yaro, in wani ya kasa biya fa?” Na sake duban takardar, ban ga amsa ba, amma idanu ashirin suna kaina, ga mahaifina yana kallona da alfahari a fuskarsa, sai na ji nauyin in ce ban sani ba. Na ce kowa nasa zai biya. Mahaifina ya rattaba sunansa da ajami, sauran suka dangwala yatsa.

A watan Satumba na wannan shekara ambaliya ta auka wa Sakkwato da Kebbi. Shinkafarmu ta yi ciki, wasu gonakin ma ta fara fitar da kai, ruwa ya zo cikin dare ya shafe fadamar baki ɗaya, har aka wayi gari mutane suna bi ta kan gonakinsu da kwalekwale suna nuna wa juna inda iyaka take a da. Da lokacin biya ya yi, mafi yawan 'yan ƙungiyar ba su da ko abin da za su ci, biyu kuma sun tafi ci-rani kudu. Mutanen cibiyar suka zo wurin mahaifina kai tsaye, domin shi ne mai shanun huɗa biyu da amalanke, suka buɗe shafi na biyu suka bayyana masa cewa takardar da ya sa wa hannu ta ba su ikon neman dukan bashin daga hannun kowane mutum ɗaya a cikin goman. Ba su yi ƙarya ba, abin da aka rubuta ke nan. Ni na ja shanun zuwa kasuwa da igiyar hancinsu, babban yana ta juyowa yana duban hanyar gida, kuma ni na riƙe igiyar har dillali ya karɓe ta daga hannuna. Mahaifina bai zage ni ba, bai ma ɗaga maganar ba, iyaka ya ce haka Allah ya ƙaddara. Sai dai daga ranar bai sake miƙo mini takarda ba. Ko katin asibiti ne, sai ya sa a aljihu ya tafi da shi wani wuri a karanta masa, kuma wannan shirun ya fi mini duka ciwo.

Akwai wani dattijo a cikin garin Argungu, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, wanda yake koyar da littattafai a zaurensa bayan sallar asuba. Na ɗauki kwafin takardar na tafi wurinsa, na jira har ɗalibai suka watse, na gaishe shi na ce, “Allah gafarta Malam, wata kalma ce ta cuce mu, ina so in san ta.” Ya sa tabarau ya karanta, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni yadda na fassara. Da na gaya masa, bai yi mini dariya ba, bai kuma tausasa mini ba. Ya ce kuskuren fassara kowa yana yi, amma wanda aka tambaya abin da bai sani ba ya amsa, ya ci amanar mai tambaya, kuma malaman fiƙihu da kansu ba su jin kunyar cewa ba su sani ba. Daga nan ya ɗauki alƙalami ya rubuta “sever” a bayan takardar, ya ce ma'anarta yankewa ko rabawa, kuma ita da “severally” da “separate” duk jini ɗaya ne, daga kalmar Latin mai nufin rabawa. A harshen shari'a, in ji shi, “severally” na nufin kowa a ware, shi kaɗai. Ya rubuta “liable” ya ce tushenta ɗauri ne, daga Faransanci, can asali kuma daga Latin, kuma 'yar'uwarta ce “ligament”, jijiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, haka ma “oblige”, wato wajabta wa mutum abu. Ya ce, “Ka gani? An ɗaure su tare, an kuma ɗaure kowa shi kaɗai. Igiya biyu ce a wuyan kowane mutum.”

Sai ya tambaye ni ko na taɓa sarfu. Na ce kaɗan, a wurin mahaifina. Ya ce in kawo masa kalmomin da suka fito daga harufan kaf da ta da ba, na lissafo masa kitabu da katibu da maktabu da maktubu. Ya ce to a Hausa fa, me ya haɗa noma da manomi, ko karatu da makaranta da makaranci, ko haihuwa da mahaifi da mahaifa? Na ce tushe ɗaya ne aka yi masa ƙari a gaba da baya. Ya ce Turanci ma haka yake, sai dai an koya mana shi kamar tsakuwa a buhu, kowace kalma ita kaɗai, babu uwa babu uba. Ya tuna mini cewa mu mutanen ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ne, wanda ya yi wallafa a nahawu da sarfu a Gwandu, don haka bai kamata a ce ɗan wannan ƙasa ya ga kalma ya kasa tambayar asalinta ba.

Abin da ya faɗa bayan wannan shi ne ya sauya mini yadda nake kallon harshen gaba ɗaya. Ya ce in lura da kalmomin kotu a Hausa: alƙali, shari'a, hukunci, hujja, shaida, wasiyya, duk daga Larabci suka zo, domin ta hanyar Larabci ilimi da shari'a suka shigo mana, amma ruwa da wuta da gona da uwa namu ne na gado. Turawan Ingila ma abin da ya same su ke nan. A shekarar 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, har sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, Latin kuma ya daɗe yana harshen coci da makaranta. Shi ya sa talakan da ke kiwon saniya yake kiranta “cow”, amma idan namanta ya isa teburin masu mulki sai ya zama “beef”, tunkiya kuma “sheep” ce a garke, “mutton” a akushi. Kalmomin da muke kira masu wuya, in ji Malam, su ne Larabcin Turawa, kuma yaron Ingila ma sai ya koye su a makaranta kamar yadda ɗan Bahaushe yake koyon ma'anar mudaraba ko ijara a zaure. Na fita daga zauren nan ina jin kamar an sauke mini kaya, domin a da ina zaton ƙwaƙwalwata ce ba ta da kyau.

Ya ara mini ƙamusunsa, irin na Oxford da aka yi domin masu koyo, wanda wani malami mai suna Hornby ya tsara bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi a 1948. Bangonsa ya cire, gara kuma ta cinye shafukan ƙarshe, don haka duk kalmar da ta fara da harafin W zuwa ƙasa sai dai in tambaya a makaranta. Amfanin irin wannan ƙamus shi ne yana bayyana kalma mai wuya da kalmomi masu sauƙi, yana kuma kawo ta a cikin jimla, mutum ya ga da waɗanne kalmomi take tafiya. Malam ya kafa mini sharaɗi cewa kada in ɗauki ƙamus in fara haddacewa daga farko, kada kuma in rubuta kalmar da ban gamu da ita da kaina a cikin magana ko rubutu ba. Na sayi littafin rubutu mai warƙa tamanin. Duk kalmar da ta tsaya mini, sai in kwafe jimlar da na same ta a ciki gaba ɗaya, in rubuta abin da nake zato kafin in duba, sannan in buɗe ƙamus, in rubuta ma'anar da Hausa, a ƙarƙashi kuma in jera danginta. Rubuta zaton nan kafin dubawa shi ya fi komai amfani a gare ni, domin shi ya nuna mini sau nawa nake kuskure a lokacin da nake jin na tabbata.

Neman Hausar kalma ya fi neman Turancinta wuya, kuma a nan ne na gane ban san harshena yadda nake zato ba. Wata rana na fassara “loan” da aro, Malam ya ce in sake tunani. Aro shi ne abin da za ka mayar da shi kansa, kamar fartanya ko jaki. Rance shi ne abin da za ka kashe ko ka cinye ka mayar da madadinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Bashi kuma shi ne nauyin da ya hau kanka, ko ta rance ko ta ciniki. Turanci yana iya rufe aro da rance da kalma guda, Hausa kuwa ta raba su. Haka muka bi jingina da lamuni da ajiya da amana, kowace da iyakarta. Ya nuna mini cewa “mortgage” kalmomin Faransanci biyu ne aka haɗa, mutuwa da jingina, “collateral” kuma asalinta abin da ke tsaye a gefe, wato dukiyar da ke tsaye kusa da bashi tana jiran ranar da za a kasa biya. Tun daga lokacin na daina yarda cewa na san kalmar Turanci har sai na iya faɗin ta da Hausar da mahaifiyata za ta gane ba tare da ta sake tambaya ba.

Littattafai ba su da yawa a ƙauyenmu, don haka na nemi kalmomi a inda suke. Mai tsiren bakin tasha yana naɗe nama da tsofaffin jaridu, na roƙe shi ya riƙa ajiye mini waɗanda mai bai taɓa ba. Da safe in saurari labaran duniya a sashen Hausa na BBC tare da mahaifina, in an jima in murɗa rediyon zuwa tashar Turanci in ji labarin nan dai, sai in kama kalmomin da kunnena ya riga ya san ma'anarsu. Ta haka na san cewa tsagaita wuta ita ce “ceasefire”, baki ɗaya kuma “unanimous”, wadda Malam ya fasa mini ita gida biyu, ɗaya da rai, wato mutane sun zama rai guda. Na fara da kalma goma a rana, na ga suna zubewa kamar ruwa a kwando, na koma uku. Na ɗauko tsarin makarantar allo, inda ba a wanke allo sai karatu ya zauna, na kuma ware Alhamis da Juma'a domin bita kawai, ba sabuwar kalma. Shekaru bayan haka, a kwalejin ilimi, aka karantar da mu binciken wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus, wanda ya nuna a 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa a lokuta masu tazara tana rage ta. Na ji daɗin darasin, amma alarammomin ƙauyenmu sun riga shi aiki da wannan a tilawarsu.

Ba zan ɓoye wani mataki da na taka ba, domin na ga ɗalibai da yawa suna faɗawa cikinsa. Da kalmomi suka fara taruwa a littafina, sai sha'awar burga ta kama ni, na riƙa cusa manyan kalmomi a duk inda na samu kafa, ina ganin dogon Turanci shi ne ilimi. A jarrabawar WAEC ta 2011 na rubuta insha'i cike da irin waɗannan kalmomi, da yawa ba a muhallinsu ba, kuma da sakamako ya fito ban samu kiredit a Turanci ba. Na kai kuka wurin Malam, ya sa na sake rubuta masa abin da na tuna, ya bi da jan alƙalami yana tambayata a kan kowace babbar kalma, me ta yi a nan da ƙaramar ba za ta yi ba? Mafi yawansu ban da amsa. Ya ce sanin kalma mai wuya domin ka gane ta ne idan an jefe ka da ita, amfani da ita kuwa sai inda babu wadda za ta maye gurbinta. Ya kuma nuna mini cewa jarrabawar kanta abin da take nema ke nan, domin a sashen fahimta ana ba ka kalma a ce ka kawo wata da za ta zauna a wurinta kamar yadda aka yi amfani da ita a cikin nassin, a sashen zaɓi kuma ana neman mafi kusa da ita a ma'ana ko kishiyarta a cikin jimla. Na sake zama a jarrabawar ƙarshen shekara ta 2012, Allah ya ba ni nasara, na samu shiga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, na karanta Turanci da Hausa.

Bin tushen kalma yana da nasa ramin, kuma wajibi ne in faɗe shi. Na koyi cewa ƙarin “in” a farkon kalma yakan kore ma'ana, sai wata rana a hanyar Birnin Kebbi na ga an rubuta “highly inflammable” da jan fenti a jikin tankar mai. Bisa ƙa'idar da na koya, wannan na nufin abin da ba ya kama wuta, alhali kowa ya san fetur ne a ciki. Da na duba, sai na tarar “in” ɗin nan dabam ne, na shiga ciki ne, kuma kalmar na nufin abin da ke saurin kamawa. Haka “invaluable” take nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi, “sanction” kuma tana iya zama amincewa, tana iya zama takunkumi, sai jimla ta raba gardama. Tushe yana ba mutum zato mai kyau ne kawai, ƙamus da jimla su ke yanke hukunci, kuma a takardar da za a sa wa hannu, zato komai kyansa ba ya wadatarwa.

Wani abin da ya faranta mini rai a wannan tafiya shi ne gamuwa da kalmomin da muka yi tarayya da Turawa a cikinsu ta hanyar Larabci. Sukarinmu da “sugar” ɗinsu asalinsu ɗaya, sifirinmu shi ne ya zama “cipher” da “zero” a wurinsu, “algebra” kuma daga aljabru take, kalmar da ke cikin sunan littafin lissafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9. Idan na gaya wa ɗalibaina wannan, nakan ga kafaɗunsu sun saki, domin da yawansu sun taso suna ganin Turanci wani dutse ne da ya faɗo daga sama babu ruwansa da kowa.

Yanzu ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, kuma kalmomin da nake kai wa aji daga bakin mutanen gari nake ɗebo su. A watan Maris na 2019, da hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamna a Sakkwato da Kano da wasu jihohi “inconclusive” ne, har 'yan acaɓa da masu shayi sun riƙe kalmar, sai na rubuta ta a allo muka fasa ta, muka tarar tushenta rufewa ne, wato abin da ba a kai ga rufe shi ba, daga nan yara suka gano da kansu cewa “include” rufewa ne da abu a ciki, “exclude” kuma rufewa ne a bar shi a waje. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuma “palliative” ta cika gari, ana fassara ta da tallafi. Na nuna musu cewa asalinta mayafi ne a Latin, kuma likitoci suna amfani da ita ga maganin da ke rage raɗaɗi ba tare da ya warkar da cutar ba. A ganina wanda ya san wannan ya fi fahimtar abin da ake ba shi, ya kuma fi sanin abin da ya kamata ya ci gaba da nema.

Ita kuwa “severally”, na sake gamuwa da ita ta inda ban zata ba. A watan Janairu na 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, har da Kannywood da okada, kuma a cikinsu akwai “severally” da ma'anar sau da yawa, wato yadda malamanmu suke faɗinta. Ashe ma'anar da na bayar a gindin dogon yaro tana da gurbi a bakin mutanen ƙasarmu, sai dai ba ita ce ma'anarta a takardar lauya ba. Na so in kai wa Malam wannan labari, amma ya riga mu gidan gaskiya kafin lokacin, Allah ya gafarta masa ya haskaka kabarinsa. Ƙamusunsa yana wurina har yau, domin da na mayar masa ya ce in riƙe.

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, takardu suka yawaita a hannun manoma, na banki da na ƙungiyoyi da na 'yan kasuwa masu ba da kaya bashi, mutanen ƙauyenmu suka fara kawo mini nasu in duba. Mahaifina yana ganinsu suna shiga suna fita, bai ce komai ba. Sai a wata ranar Juma'a a cikin 2017, bayan mun dawo daga masallaci, ya zauna a gindin dogon yaron nan, ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa, ta wani ɗan kasuwa da zai ba shi injin ban-ruwa ya biya bayan girbin rani. Ya riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini ya ce, “Ɗan boko, duba muna wagga.” Shekara bakwai ke nan rabon da in karɓi takarda daga hannunsa.

Na karanta a hankali har na iso wata gajeriyar kalma mai harafi huɗu, “lien”, wadda ban taɓa tsayawa a kanta ba. Na ga kamanninta da “liable”, raina ya ba ni cewa akwai ɗauri a cikinta, amma na ce, “Baba, akwai kalma ɗaya da ban tabbatar ba, a ba ni izini in duba.” Ya ce, “Tafi ka duba, ba mu sauri.” Na shiga ɗaki na ɗauko ƙamusun Malam, na dawo na buɗe a gabansa, na tarar tana nufin haƙƙin mai bin bashi a kan dukiyar wanda yake bi har sai an biya shi. Na sake bin jimlar daga farko, na ga ba a kan injin kaɗai aka ɗora wannan haƙƙi ba, har da dukan shinkafar da gonar za ta bayar. Na bayyana masa da Hausa cewa idan ya sa hannu, ba shi da ikon sayar da ko buhu ɗaya, ko domin cefanen gida, sai ɗan kasuwar ya karɓi kuɗinsa cif. Ya tambaye ni sau biyu, na amsa masa sau biyu, ina nuna masa layin da yatsa. Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya mayar aljihu, ya ce gobe da safe in shirya mu tafi wurin mutumin tare, a cire shinkafar a bar injin, kuma in zo da ƙamusun.